Ragon Gwamnati da Ragon Gwaggo Hajo

Na daɗe ina jin kuna ba 'ya'yanku labarin yadda aka ɗauke ni daga ofishin Makarfi aka jefa ni mahautar Kudan. Kuna cewa wai na tsaya gaban Bature na faɗi gaskiya, shi kuma ya ji haushi ya hukunta ni. Ran nan ma na ji ɗayanku yana gaya wa ɗansa ya yi koyi da kakansa. Na yi shiru na ci gaba da jan carbina, domin yabo da daɗi ko na aro ne. To amma yanzu haƙora sun zube, gwiwa ta daina yarda da tsuguno, bai kamata in tafi in bar ku kuna ado da rigar da ba tawa ba. Ga yadda abin ya faru, ba ƙari ba ragi.

Shekara biyu ke nan da sauke tutar Ingila, ni kuma ina ɗan ashirin da huɗu, ƙaramin malamin dabbobi a Makarfi. Ina da kaki mai guga, da keke mai fitila, da littafi a aljihun gaba, kuma a ganina duk ƙasar Zazzau babu wanda ya san tunkiya kamar ni. Shugabanmu wani Bature ne cikin waɗanda ba su koma gida ba bayan mulkin kai. Mutane suna kiransa Mai Lofe, don kullum lofen yana bakinsa, da wuta ko ba wuta. Hausarsa ta littafi ce, kowace kalma sai ya wanke ta kafin ya furta. A shekarar aka ce za a zaɓi mutum ɗaya a cikinmu, mu uku, a tura shi kwas ƙasar Turawa. Tun ba a yi zaɓen ba na fara tambayar yadda ake cin shinkafa da cokali mai yatsu.

Ana cikin haka aka kawo wa ofishinmu wani rago balami daga Barno, don gyaran irin tumakin ƙauye. Ban taɓa ganin rago kamarsa ba, har yau kuwa. Fari ne sol, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, hancinsa da doro, ƙahoninsa sun murɗe sau biyu suka fito gefe kamar hannun kekena. Mai Lofe ya ce za a kai shi ƙauye ɗaya a gwada, in an ga amfani a gina wa ƙauyen rijiya da kwamin shayar da dabbobi. Kafin ya rufe baki na ce a kai shi unguwarmu, wata 'yar ƙaramar unguwa bayan Gubuchi, inda kowa ya san ubana kuma ba wanda zai yi mini gardama. A zuciyata kuwa na ce wannan ragon shi ne jirgin da zai kai ni Ingila.

Ran da muka sauke shi daga mota, duk unguwar ta fito. Mai unguwarmu, Baba Tanko, mutum mai fara'a da son a ce da shi aka yi, ya kewaya ragon sau uku yana taɓa baki.

"Malam Iro, me yake ci?"

"Harawa da dusa da angurya, safe da yamma," in ji ni. "Sai ruwan kanwa. Kada a bar shi cikin rana, kada a ɗaure shi da igiya mai kaushi."

"Aikin me zai yi mana?"

Na rasa yadda zan faɗa a gaban manya, na ce, "Zai dai riƙa zagayawa cikin tumaki."

Wani daga bayan taro ya ce, "A ci mai kyau, a zauna a inuwa, a riƙa zagayawa. Ashe Minista aka kawo mana." Daga ranar sunan ya bi shi.

Sharaɗin ofis ɗaya ne: kada a bar wani rago mai iya barbara a unguwar in ba Minista ba. Ko a sayar, ko a yanka, ko a dandaƙe. Na zo da wani ƙarfe mai kama da awartaki na bi gida gida, kafin la'asar na mai da raguna goma sha bakwai 'yan kallo. Mutane ba su so ba, amma Baba Tanko yana bayana yana ta ambaton rijiya. Gida ɗaya ya rage, na bar shi ƙarshe da gangan, gidan Gwaggo Hajo, yayar mahaifina. Mijinta ya daɗe da rasuwa, tana zaune da tumakinta bakwai da bakinta, kuma a unguwar an fi tsoron bakin. Na yi sallama na durƙusa, muka gaisa, ta tambayi gajiya da aiki da sanyi da mutanen Makarfi, duk idonta yana kan ƙarfen da ke hannuna.

"Iro, yau kuma wa aka aiko ka ka nakasa?"

"Gwaggo, umarnin gwamnati ne."

"Gwamnatin ce ta haifa mini shi? Ubanka ma a bayan nan nawa ya yi fitsari, ban ga ranar da ya zo mini da ƙarfe ba. Je ka gan shi can, in ka ga abin tsoro ka dawo ka gaya mini."

Na je turke na duba. Sunan ragon Tsito, kuma sunan ya dace. Da ƙyar ya wuce gwiwata, haƙarƙarinsa a fili, ƙahoninsa ba su fi babban yatsa ba, ɗaya ma ya gutsure. Abin da ya bambanta shi da sauran tumakin unguwar shi ne wani jan tabo da ya kewaye wuyansa kamar an ƙunsa masa lalle, ya gado shi wurin uwarsa da Gwaggo ta samo a hannun Fulanin kudu. Akwai kuma wani abu, wanda dole in faɗa ko da kunya tsakanina da ku, don shi ne gindin labarin. Marainansa sun yi masa yawa. Suna reto tsakanin ƙafafunsa na baya kamar an rataya masa goran nono, har tafiyarsa ta zama ta gwame. Ni da iliminna na makaranta na dube su na ce ciwo ne. Na fito da littafi na rubuta: rago ɗaya, maras lafiya, ba shi da haɗari. Na lissafa cewa in ma ya kuskura ya matso kusa da tunkiya, karo ɗaya Minista zai aika shi lahira.

"To, Gwaggo, na bar shi. Amma a ɗaure shi."

"Zan ɗaure shi," in ji ta.

Aka gama kaka, aka kwashe dawa da masara, aka saki dabbobi cikin gonaki suna cin karmami. Lokacin ne tumaki suke ƙoshi su nemi rago. Kowace Juma'a nakan hau keke in zo in ga aiki, kuma da farko abin ya ba ni sha'awa. Minista in ya ga tunkiya ta nuna alama sai ya tsaya a gefenta kamar dogari, ba mai matsowa. Dandaƙaƙƙun ragunan nan da ba su da sauran buri a duniya, in suka gifta, sai ya bi su da gudu har bakin rafi. Ya tunkuyi jakin liman. Ya fasa tulu biyu. Ya tunkuyi turmin da aka bari a ƙofar gida har sau huɗu, don ya ga turmin ya ƙi gudu. Baba Tanko da kansa sai da ya kwana uku yana salla a zaune. Ni kuwa duk wannan ina rubuta shi a littafi da sunan ƙarfi da kuzari.

Abin da ban lissafa ba shi ne tumakin unguwar sun haura hamsin, kuma ba layi suke bi ba. Rana ɗaya sai huɗu ko biyar su nemi rago tare, ɗaya a gabas ɗaya a yamma. Minista yana gadin ɗaya, sauran suna yawonsu. Kafin wata ya cika ya fara ramewa. Ya yi faɗa da safe, ya yi gudu da hantsi, da azahar sai ka same shi kwance gindin tsamiya yana haki, tunkiya ta zo ta tsaya a gabansa ya kau da kai. In na tambaya ina ragon, sai a ce, "Minista yana hutawa, sai dai ka dawo gobe." Wata Juma'a na zagaya bayan rumbunan Baba Tanko sai na yi kiciɓis da Tsito, guntuwar igiya tana jan ƙasa a wuyansa, yana fitowa daga tsakanin tumaki uku da saurinsa na gwame. Bai tsaya faɗa da kowa ba. Da ya hangi Minista daga nesa sai ya sunkuyar da kai ya kama cin ciyawa kamar baƙon da ya ɓata hanya. Na kama igiyar na ja shi har gida.

"Gwaggo, kin ce za ki ɗaure shi."

"Ba ga igiya a wuyansa ba? Na ce zan ɗaure, ban ce zan tsare ba. Igiyar ce ta tsufa, kamar mai ita."

Na sayo mata sabuwar igiya daga kasuwar Makarfi. Daga baya na gan ta tana shanya a kanta.

Tunkiya wata biyar take ɗauka. Da bazara ta kama aka fara haihuwa, kuma uku na farko suka fito farare tas, masu dogayen ƙafafu da hancin ubansu. Ban jira na huɗu ba. Na koma Makarfi na zauna na rubuta rahoto shafi uku, na ce an sami cikakkiyar nasara, irin ƙauye ya gyaru, kuma ina roƙon shugaba ya zo ya gani da idonsa. Mai Lofe ya karanta ya gyaɗa kai ya ce zai zo ranar Asabar ta mako uku masu zuwa. A ranar na je wurin tela na auna kwat.

Ran Laraba kafin Asabar ɗin na iso unguwa don shirye-shirye, bayan na yi mako biyu ban leƙo ba. Tun daga bakin gari na ga mutane suna gaishe ni suna danne dariya. Baba Tanko ya tare ni a ƙofar gidansa, ba fara'a ko kaɗan, ya kama hannuna ya ja ni bayan danga. 'Yan tumaki ne fiye da talatin suna tsalle-tsalle, lafiyayyu, masu kuzari. In ka cire shida ko bakwai, kowannensu da jan lalle a wuya. Wani ya kewaye wuyan duka, wani rabi, wani ɗigo ne kawai bayan kunne, amma duk wanda ya taɓa ganin Tsito sau ɗaya ba sai an gaya masa ba. Na nemi wuri na zauna a ƙasa da kakina mai guga.

"Malam Iro," in ji Baba Tanko, "ni ban yi makaranta ba, amma na san Bature fari yake son gani. To fari ai ba wuya gare shi ba. Da me mata suke shafe ɗaki?"

"Farar ƙasa, Baba."

"To. Awa nawa zai yi a nan? Ya duba, ya rubuta, ya sha fura, ya tafi. Kai ka tafi Ingila, mu mu sami rijiya. Wa aka cuta?"

Nan ne nake so ku buɗe kunne. Ban ce a'a ba. Ban ma yi jinkirin da mutumin kirki yake yi kafin ya faɗa rami ba. Abin da na ce shi ne a haɗa da ƙaro don ta kama gashi sosai. Wannan shawarar tawa ce, ba ta Baba Tanko ba. Ran Asabar da sassafe na ɗauko wata kwatarniya da na gani a gindin turke, na kwaɓa farar ƙasar a ciki da hannuna. Na bi ta zauren gidanmu da ita, mahaifina yana zaune kan buzu yana duba littafi. Mutum ne da ba ya yawan magana, ya karantar da rabin unguwar Alƙur'ani ba tare da ya ɗaga murya ba. Ya dubi kwatarniyar, ya dube ni.

"Iro, ɗakin wa za a shafe?"

"Ba ɗaki ba ne, Malam."

"To," in ji shi, ya mai da ido kan littafinsa. "Allah Ya sa abin da za a shafe ya yarda."

Muka shafe su ɗaya bayan ɗaya, muka tsare su cikin danga a rana don su bushe, iyayensu kuma muka kora su wani gefe don kada su goge. Gaskiya aikin ya yi kyau. Daga taku biyar ba ka cewa komai. Da hantsi motar Mai Lofe ta iso, aka yi gaisuwa doguwa, ya tambayi Baba Tanko lafiyar gida da ta jama'a da ta dabbobi, ya je ya gai da mahaifina, sannan muka kai shi bakin danga. Ya tsaya yana kallo yana gyaɗa kai. Ya ce madalla. Ya fito da alƙalami. Ni a lokacin har ina jin ƙamshin jirgin ruwa. Amma 'yan tumakin nan tun safe ba su sha nono ba, suna ta kuka, iyayen suna amsawa daga can.

"Malam Ibrahim, mene ne dalilin da ya sa aka raba 'ya'ya da iyayensu?"

"Don ka gan su sosai ne, ranka ya daɗe."

"Na gan su. Yanzu a sake su, ina so in ga yadda suke shan nono."

Aka buɗe danga. Kowace tunkiya ta nemo ɗanta, ta sunkuya ta shinshina shi yadda suka saba. Sai na ga ta farko ta tsaya a wuyan, ta sake shinshinawa, ta fito da harshe. Ta biyu ma haka. Kafin ka ce kwabo duk tumakin sun bar zancen shayarwa sun kama lasa, har waɗanda ba su haihu ba suna turereniya su sami wuyan da za su lasa. Sai a lokacin na gane kwatarniyar da na ɗauka. Ita ce wadda ake jiƙa wa Minista kanwa a ciki wata shida. Duk wanda ya san tunkiya ya san abin da ke tsakaninta da kanwa, kuma ni ne na ce duk ƙasar Zazzau ba wanda ya san tunkiya kamar ni. Jan lalle ya riƙa fitowa wuya bayan wuya. Mai Lofe ya sa hannu ya cire lofen daga bakinsa, abin da ban taɓa gani ba.

"Malam Ibrahim, wannan irin yana sauya launi idan rana ta yi zafi ne?"

Ga wurin da kuke cewa na faɗi gaskiya. Ban faɗi komai ba. Na tsaya ina kallon takalmina. Tunkiya ce ta faɗi gaskiya, da harshenta. Baba Tanko ya yi gyaran murya ya ce, "Ranka ya daɗe, ikon Allah ya fi gaban mamaki." Wani ya fashe da dariya a baya, aka tsawata masa. Sai ga taro yana darewa, Gwaggo Hajo ta taho da mayafinta, tana jan Tsito da tsohuwar igiyar nan.

"Na ji ana neman uban 'ya'ya," in ji ta. "Ga shi."

Mai Lofe ya dubi ragon daga sama har ƙasa. Da idonsa ya kai ƙasan sai ya tsaya. Ya miƙa mini lofensa in riƙe, ya durƙusa a cikin ƙura da gajeren wandonsa, ya sa tafin hannu ya ɗaga abin nan yana jinjinawa kamar mai sayen mangwaro. Maza suka kau da kai, matan da ke leƙe ta kan katanga suka nutse. Sannan ya ce a kamo Minista. Sai da mutum huɗu suka danne shi. Ya jinjina nasa su ma. Duk girman jikin nan, ba su kai na Tsito ba, ga shi sun yi laushi don wahala. Ya tashi ya kakkaɓe gwiwa ya fuskanci Gwaggo.

"Uwa, tun farko kin san haka za a yi?"

"Bature, ni tsohuwa ce, kunya ta ƙare mini, bari in gaya maka. Mai sayen rago don layya gadon baya yake taɓawa. Mai saye don karo ƙaho yake dubawa. Mai saye don haihuwa kuwa sunkuyawa yake yi. Tunkiya ba ta da aure. A yini ɗaya sai ta bi rago biyu ko uku, ba mai yi mata shari'a. To gona ɗaya ce, manoma da yawa, wanda ya fi zuba iri shi ke da yabanya. Naku ya kai ƙarfinsa goshi yana faɗa da turmi. Nawa bai taɓa faɗa da kowa ba, ya san inda ya ajiye nasa."

Mai Lofe ya yi dariya har sai da ya dafa danga. Ya fito da littafinsa ya sa ta maimaita, ya rubuta. Da na ga yana dariya sai na ɗauka na tsira. Ran Litinin ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, babu dariya.

"Ban kama ka da laifin rago ba," in ji shi. "Rago ya yi abin da rago yake yi. Rahotonka na farko gaggawa ce, kowane saurayi yana gaggawa. Da ka zo ka ce mini ka yi kuskure, da mun koyi abu tare. Amma farar ƙasa ƙarya ce, kuma mai duba dabbobin jama'a in ya iya shafa wa jan wuya fari, wata rana zai shafa wa cuta lafiya."

Aka ba ɗaya daga cikin abokan aikina kwas ɗin. Ya je ya dawo, ya yi mota, ya yi ritaya yana babban darakta, kuma ya cancanta. Ni aka tura ni Kudan duba nama a mahauta. Kwat ɗin da na auna ban taɓa zuwa karɓa ba. Abin da ya fi ci mini rai kuwa ba nawa ba ne. Rijiyar nan sai da aka ƙara shekara biyu kafin a gina ta, matan unguwarmu suka ci gaba da kora tumaki rafi a tsakiyar rani. Ba wadda ta taɓa yi mini gori, sai dai in na zo wucewa su ce, "Sannu da zuwa, Malam, ɗakina ma yana son shafe." Mahaifina bai ce mini komai a kai ba har ya bar duniya, kuma da ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi.

A Kudan ne na yi karatun da makaranta ba ta ba ni ba. Labarina ya riga ni isa, don haka ran da na fara aiki wani tsohon mahauci, Malam Dogo, ya kira ni gaban faifansa. Ya ajiye marainan wani sa da ya yanka a gefe ɗaya, na rago a gefe ɗaya.

"Malam, rago nawa ne sa?"

"A nauyi? Ya kai takwas, ko goma."

"To dubi nan. Ka ga takwas? Ka ga biyu ma?"

Bambancin kaɗan ne. Daga nan abin ya shiga raina. Na riƙa aron ma'aunin kasuwa ina aunawa, na sa, na rago, na bunsuru, har mahauta suka ɗauka wani magani nake haɗawa, wasu ma suka riƙa zuwa a asirce suna tambaya ko na sayarwa ne. Abin da na fahimta cikin shekara uku shi ne, kowane namiji a cikin dabbobi abin da yake ci bai isa ya yi komai da komai ba, dole ya raba. Wani kason ya tafi ƙaho da wuya da faɗa, wani ya tafi iri. Inda namiji yake iya tsare matansa shi kaɗai, faɗan a waje yake ƙarewa, iri kaɗan ya ishe shi. Inda kuwa mace take haɗuwa da maza da yawa, ko ka ka da kowa a fili ba ka gama ba, saura gasar da ake yi a cikin cikinta, inda ƙaho ba ya shiga.

Shekaru da yawa bayan haka, ke Binta, da kika dawo hutu daga jami'a, kin ji ina ba baƙi wannan labarin, kika ce malamanku sun koya muku shi, har suna da suna gare shi. Kika gaya mini, kina kallon tabarma don kunya, cewa ƙaton birin nan na daji da yake tsare matansa shi kaɗai nasa 'yan ƙanana ne, ɗan'uwansa kuwa da bai kai shi jiki ba, wanda suke zama garke maza da mata a cakuɗe, nasa manya ne. Kika ce wanda ya fi haihuwa 'ya'yansa ke gadon halittarsa, su ma su fi haihuwa, a haka a hankali duk zuriyar take komawa kamarsa. Na ce miki Allah Ya yi albarka, amma wadda ta fara karantar da ni wannan darasin ba ta san alif ba.

Minista dai an ɗauke shi aka kai wani ƙauye wajen Ikara, aka sa shi cikin shinge da tumaki goma, ba turmi ba jaki. Na ji ya yi aiki mai kyau a can, kada in zalunce shi. Tsito kuwa ya zama shi kaɗai ne rago mai barbara a unguwarmu, tun da sauran na gama da su, 'ya'yansa kuma ba su gama tasawa ba. Da wata kakar ta zagayo, duk tumakin nan hamsin da 'yan kai suka dawo kansa. Bai ƙi ko ɗaya ba. Ba ya tsayawa cin abinci, Gwaggo ta bi shi da dusa a ƙwarya ya ɗan taɓa ya wuce. Wajen ƙarshen sanyi ta aiko mini Kudan cewa in zo. Na hau keke na iso da hantsi, na same shi kwance a turke, ba ya iya ɗaga kai, igiyar ma an kwance.

"Ba ciwo ba ne, Gwaggo," na ce bayan na duba shi. "Ƙarewa ya yi."

"Na sani. Ba magani na kira ka ka ba shi ba. Kada ya mutu mushe ne. Ubanka zai yanka, kai kuma ka feɗe, tun da yanzu an ce ka iya duba nama."

Mahaifina ya yi bisimilla ya yanka, ya wanke wuƙarsa ya koma zaure. Na feɗe shi a bakin ƙofa, kan ganyen da aka shimfiɗa. Fata da ƙashi ne kawai. Ba kitse ko na shafa wa tukunya. Duk abin da na iya yankowa bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Na kai mata ina jin nauyi, kamar ni na cinye sauran.

"Gwaggo, ki yi haƙuri. Babu nama a jikinsa."

Ta karɓi ƙwaryar ta duba. Lokacin ana kora tumakin unguwa rafi, suka biyo ta ƙofar gidan suna ture juna, manya da matasa, ja a wuya, ja a wuya, har ƙarshen layi. Ta bi su da ido sai da na ƙarshe ya wuce, sannan ta share ido da gefen mayafi ta nuna su da haɓa.

"Kai dai har yanzu ba ka iya duba ba, Iro. Ga namansa can ya tafi shan ruwa."